Darmar da Isaka Ya Yanke

Nima, Akra.

Zuwa ga ɗana Mumuni,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, duk da cewa tsakanin ɗakina da naka bai fi taku goma ba. Na san za ka yi dariya ka ce tsoho ya fara rikicewa, yana rubuta wasiƙa ga wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya. Yi dariyarka. Akwai maganar da na fi shekara ashirin ina ɗauke da ita, kuma duk ranar da na buɗe baki zan faɗa maka sai in ji na koma zancen tsadar taya. Jibi za ka ɗauki sabuwar motar nan ka koma Tamale da zama. Shi ya sa na ari biron ƙanwarka.

Ka fara sanin cewa na ji daɗi ƙwarai. Ranar da 'yan kasuwar albasar da za ka riƙa ɗaukar wa kaya suka damƙa maka makullin, na tsaya ina kallonka kana zagaya motar kana shafa ta, sai da na juya baya don kada innarka ta ga idona. Ni na tsufa cikin rufin asiri, ina da inuwa, ina da jikoki masu hana ni barcin rana, ba na neman kome a wurin kowa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Da ka kawo takardun ka nuna mini, har da ƙarin garantin shekara biyu da aka saya wa motar, ka ce, "Baba, wannan kam Baba Isaka ba zai taɓa ta ba, kada ya kashe ta yadda ya kashe tamu." Ka faɗa kana dariya. Ni ban yi dariya ba, don na san a bakin wa ka fara jin wannan magana.

Bari in koma farko, don kai kana ɗan shekara shida lokacin, abin da ka sani shi ne abin da aka faɗa a tsakar gida.

Ni da Isaka mun haɗu tun ina tuƙa motar wasu. Shi Bamoshe ne, ba Bahaushe ba, ya sauko daga arewa da ƙafarsa, ya koyi kanikanci, ya kafa garejinsa a gindin darbejiyar nan ta hanyar Mamobi inda har yau yake zama. Da na samu na sayi tsohuwar motata ta farko, wadda innarka ta sa wa suna Sai-an-tura, Isaka ne ya riƙe ta da rai shekara tara. Zamanin kuwa kayan gyara sun yi wuya a ƙasar nan, ko kana da kuɗin ba ka ganin abin saye. Isaka yakan yanka fatar tsohon takalmi ya yi mini abin da kamfani suka ce sai an yi oda daga ƙetare. In motata ta mutu a Kintampo, saƙo kawai zan aika, washegari sai ga shi a bayan motar doya da akwatin ƙarafansa. Yana kirana Mai-albasa, wai ko na yi wanka warin yana nan. Ni kuma ina kiransa Baƙin-mai, kuma nawa sunan ya fi gaskiya.

Da Allah ya buɗa mini na je sayen sabuwar mota fil, kamfanin suka ce suna ba da garantin shekara ɗaya, amma in na ƙara wani abu za su tsawaita shi zuwa biyu. Na ƙara. Takardar da Turanci take, ni kuma ka san Turancina na shingen 'yan sanda ne. Akawun da ya karanta mini wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ga da ya tashi a Adabraka cikin Hausawa, yana jin Hausa kamar ni. Ya zaunar da ni, ya bi layi-layi. Ya ce sharuɗɗa uku ne. Sabis a garejinsu kaɗai, su buga hatimi a littafi. Kada lodi ya wuce abin da aka rubuta a jikin mota. Sannan ya tashi ya kai ni gaban injin, ya nuna mini wata siririyar waya da aka zagaye sukurorin famfon mai da ita, aka matse bakinta da ɗan guntun darma mai tambarin kamfani. Ya ce, "Malam Garba, ka ga wannan? Ranar da aka yanke shi, garanti ya mutu. Ka gane?" Na ce na gane. Na dangwala yatsana.

Ina so ka riƙe wannan wurin da kyau. Ba wanda ya cuce ni a ofishin nan. Na ji, na fahimta, na sa hannu.

To, a Nima ta wancan lokaci, sabuwar mota tana da hanyar da take bi. A fara kai ta ƙofar masallaci liman ya yi addu'a, a raba goro da ƙosai. Daga nan kai tsaye sai wurin bakanikenka, ba na kowa ba, naka, wanda ya sha wahalar tsohuwar motarka. Shi zai ƙara mata sifirin don ta ɗauki lodin arewa, kuma shi zai buɗe mata maƙogwaro, kamar yadda muke cewa. Duk direbobi mun yi imani Turawa suna ɗaure famfon mai ne don kada mota ta yi ƙarfi, bakanike kuwa yakan ɗan sassauta shi don ta ja a hawa. Ranar bakanike ce wannan. Mutane kan taru su kalla. Wanda ya sayi sabuwar mota ya tsallake bakanikensa, to ya faɗa wa unguwa ke nan cewa mutumin bai iya aiki ba, ko kuma shi mai motar ya yi arziki ya fi ƙarfinsa.

Na kai ta gindin darbejiya. Jama'a sun cika, har daga Kotobabi da Kanda. Isaka ya sa sabuwar riga ranar, abin da ban taɓa gani ba in ba da salla ba. Ya tayar da injin, ya kara kunnensa, ya yi murmushi ya ce, "Mai-albasa, motan nan yaro ne mai kyau, amma sun ɗaure mishi wuya." Ya ɗauko filaya. Sai ya ga darmar, ya tsaya. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Garba, wannan abu fa? Akwai wanda sun ce kada a taɓa?"

Na ce, "Babu."

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina kunya ce ta sa ni, wai ban so in ƙasƙanta abokina a gaban jama'a da sabuwar rigarsa ba. Akwai kunyar, ban musa ba. Amma akwai kwaɗayi a ƙarƙashinta. Ina son motar ta ja buhunan da suka wuce ƙa'ida a hawan Kintampo ba tare da ta yi nishi ba, kuma na ɗauka sabuwar mota ba ta lalacewa, wa zai je ya duba wata 'yar waya? Isaka ya ce, "Yoo, shi ke nan," ya datse ta, ya miƙo mini darmar yana dariya, ya ce in ajiye ta tsaraba. Na jefa ta a aljihu.

Ga nasihata ta farko. In mutumin da ya yarda da kai ya tambaye ka abu kai tsaye, ka faɗa masa yadda yake, ko da mutum ɗari suna kallo. Da na ja Isaka gefe na ce masa ga abin da takarda ta ce, da ya zage ni ya zagi kamfanin, ya mayar da filayarsa, mu ci ƙosanmu. Kunyar ba za ta wuce ta minti biyar ba. Ni na guje ta, na ɗauko wadda nake rubuta maka yau da furfura a gemuna.

Motar ta yi aiki, ba laifi. Wata goma sha huɗu ina Akra zuwa Bawku, ina loda mata abin da ya fi ƙarfinta, tana ja. Sabis na farko da na biyu na kai musu, ba su lura da wayar ba, ko sun lura ba su yi magana ba. Na uku na ce ai layin garejinsu ya cika tsawo, ga albasa tana jira, na bar Isaka ya juye mata mai. Littafin sabis kuwa na bar shi a aljihun mota har ruwa ya jiƙa shi. Wata rana da hantsi, mun wuce Techiman kaɗan, na ji wata ƙara daga ƙasa kamar ana daka a turmin ƙarfe. Kafin in gangara gefe injin ya buga.

Kada ka raina littafin nan naka. Sa shi a leda, ka ajiye shi inda kake ajiye lasisinka, kuma duk sabis ka tsaya a kansu har sai ka ga hatimin da idonka. In masu kaya sun matsa maka ka ƙara buhu goma, ka tuna su da safe za su sayar da albasarsu su tafi gida, kai ne za ka kwana da motar. Ka ce musu a'a da fara'a, za su yi fushi su dawo.

Aka jawo motar zuwa Akra. Ban damu sosai ba, ina taƙama da shekarar da na ƙara saye. Isaka ya rufe garejinsa ya raka ni kamfanin. Manajan garejin ya sa aka buɗe injin, bai ko kalli inda ya lalace ba, ya haska tocila a kan famfon mai, ya ce ina darma. Daga nan rigima ta fara. Isaka ya shiga ƙarƙashin motar da kansa, ya fito da ƙarfen da ya narke a hannunsa, yana nuna musu cewa karanshaf ne, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin injin, ya ci, baƙin mai ne bai hau ba, kuma wannan ba ruwansa da famfon da ya taɓa. Yana yi da Turanci, in ya ƙare masa ya koma yaren Tuwi, in ya ƙare ya koma Hausa. Har yau na yarda gaskiyarsa ce, kuma na ga wasu kanikawansu suna gyaɗa kai a ɓoye. Amma manajan bai ce Isaka ya yi ƙarya ba. Takardar kawai ya ɗauko, ya nuna mini yatsana.

Ni kuma sai na ɗaga murya. Na buga tebur, na ce ba wanda ya taɓa karanta mini wannan, an yaudare ni don ban yi boko ba. Aka kira dattijon akawun. Ya shigo ya tsaya, ya dube ni. Kallon nan ya fi mini mari zafi. Na yi wata uku ina zirga-zirga, na kai shugabannin tasharmu, na kai wani malamin makaranta ya rubuta musu takarda. Daga baya na ji cewa da farko sun so su raba asarar da ni, su ba da kayan ni in biya aikin, saboda su ma sun san injin yana da matsala. Ranar da na ƙaryata akawunsu a gaban jama'a suka janye.

Saboda haka in rigima ta haɗa ka da kamfani, kuma za ta haɗa ku, don ba su sayar da garanti domin su biya da daɗin rai ba, ka je da wankakkiyar riga da takardunka a jere. Ka yi magana a hankali, ka nemi su rubuta maka dalilinsu. Abin da ka yi ba daidai ba ka amsa shi da bakinka tun kafin su tono, sannan ka tsaya kyam a kan abin da yake haƙƙinka. Mutanen ofis suna iya yi wa mai kuskure sassauci. Wanda ya mayar da su maƙaryata ba sa yafe masa.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake mini nauyi. Motar ta dawo ƙofar gidanmu ta zauna. Za ka tuna, kai da 'yan'uwanka kun mayar da ita gidan wasa, awakin maƙwabta suna kwana ƙarƙashinta, innarka tana shanya a jikin bodin. Da wake da shinkafar da take sayarwa a bakin titi muka ci abinci wata bakwai. Unguwa ta fara tambaya yaya aka yi garanti ya mutu. Wani ya ce ai Isaka ne ya yanke darma. Ina zaune aka faɗa, ban gyara ba. Da aka yi ta maimaitawa sai na ji abin ya yi mini daɗi, don ya sauke mini kaya. Wata rana muna cin abinci, innarka ta yi ƙorafin cefane, na ajiye cokali na ce, "Ku je ku tambayi Isaka, shi ya kashe mana mota." Kana zaune a gefena da lomarka a hannu. Na ga ka ɗago ka dube ni.

Masu motoci suka fara janye wa Isaka. Gindin darbejiyar da ba a samun wurin tsayawa ya koma sai shi da bencinsa. Na daina bin hanyar Mamobi, ina zagayawa ta Kanda kamar wanda ya yi sata, kuma satar na yi. Bai aiko ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. A masallaci in mun haɗa sahu yakan miƙo mini hannu, in karɓa ina kallon tabarma.

Ka kiyaye abin da kake faɗa a gaban yara in ranka ya ɓaci. Babba yakan ji ya auna ya watsar. Yaro ɗauka yake ya adana, ya girma da shi, wata rana ya dawo maka da shi yana dariya.

Wata safiya bayan an sha ruwan sama, na fito na tarar da ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Isaka ne. Ya je Kumasi da kansa, ya yi kwana huɗu yana tona tsofaffin injuna har ya samo karanshaf mai rai. Bai gaishe ni ba, ya ce, "Miƙo mini sifana sha bakwai." Na miƙa. Haka muka yi kwana biyu, ba abin da ke shiga tsakaninmu sai sunan ƙarfe. Rana ta uku na kasa. Na shiga ƙarƙashin na kwanta kusa da shi, don a can ba mai ganin fuskar wani, na ce, "Isaka, ranar nan da ka tambaye ni, na sani. An karanta mini. Ƙarya na yi maka."

Bai daina ɗaure sukurin da yake ɗaurewa ba. Ya ce, "Na sani. Tsohon akawun ya gaya mini tun ranan da mun je, a bakin ƙofa."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa wa mutane? Ga shi an watse maka."

Ya ce, "Ni hannuna ne abincina, Mai-albasa. Motan su zai lalace, za su dawo. Kai bakinka ne abincinka. In Nima ya ji ka yi ƙarya, wa zai sa albasanshi a motanka ya koma gida ya yi barci? Yaranka fa?" Sai ya ce, "Riƙe mini nan, kuma kada ka ɗiga mini hawaye a kan ƙarfen, zai yi tsatsa."

Motar ta tashi ranar Alhamis. Ita ce ta biya muku makaranta, ita ta kai ni Makka, ita ta gina ɗakin da kake kwana. Mutanensa kuwa sun dawo kamar yadda ya ce, don ba wanda ya kai shi jin ciwon inji a duk Akra. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan tayar da maganar a unguwa ba, wai abin da ya wuce ya wuce. Na riƙe alkawarin da hannu biyu, don ya yi mini daɗin riƙewa. Amma bai taɓa cewa kada in faɗa wa iyalina ba. Innarka na faɗa mata bayan shekara biyu, ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, ranar ta huɗu ta dafa kaza ta aika masa. Ku ne na bari. Na ga kuna girma kuna gaishe shi da gefen baki, kuna ɗauka ya gyara motar ne don ya biya ɓarnar da ya yi. Na ga ranar aurenka ka wuce shi ka gaisa da na kusa da shi. Ina gani, na yi shiru, don ina son ku ci gaba da ganina yadda kuke ganina.

Yanzu kullum bayan la'asar ina gindin darbejiyar, ka sani. Muna shan shayi, muna gardama a kan motocin zamani, yana ce mini har yau ina warin albasa. Idonsa ya yi rauni, amma in mota ta wuce a titi zai faɗa maka abin da ke damunta. Ban san wani jin daɗi da ya wuce wannan zaman ba. Shekaranjiya ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin benci ya buɗe mini. Sifanunsa ne na asali, waɗanda ya zo da su ƙofar gidanmu, ya goge su tas ya naɗe a tsumma. Ya ce, "Na ji Mumuni zai tafi arewa. Garanti ba ya zuwa daji, yana bukatan ƙarfe a mota. Amma ban sani ba ko zai karɓa daga hannuna." Ya dube ni yana jiran amsa.

In ka girgiza ambulan ɗin nan za ka ji wani abu a ciki. Darmar ce. Ta bi ni aljihu zuwa aljihu, har Makka ta je. Ka dube ta da kyau. Hannun Isaka ne ya yanke ta, amma ni aka tambaya, ni na ce babu.

Ba zan tilasta maka kome ba, ka girma. Roƙo nake. Gobe bayan liman ya yi wa motar addu'a, ka bi da ita ta hanyar Mamobi. Ka sauka, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ake gaida uba. Ka tayar masa da injin ya saurara. In ya tambaye ka ko akwai abin da aka ce kada a taɓa, ka nuna masa duka, ɗaya bayan ɗaya. Ba zai ji haushi ba, shekara ashirin yake jiran wani daga gidanmu ya ba shi wannan amsar. In kuma bayan ka karanta wannan kana ganin ni ne ban cancanci gaisuwarka ba, na karɓa, ina nan a ɗakina.

Allah ya tsare ka a hawa da gangara, ya tsare ka daga barcin tuƙi da mugun abokin hanya. Allah ya sa motar nan ta tsufa a hannunka lafiya, ya haɗa ka da masu gaskiya a duk garin da ka sauka, ya ba ka aboki ko da guda ɗaya irin wanda ya ba ni. Ya yi wa matarka da 'ya'yanka albarka, ya dawo mana da kai muna raye. Innarka ta ce in gaya maka ta soya maka nama, kuma kada ka raba shi tun kafin ka fita Akra.

Isaka yana buɗe gareji da ƙarfe bakwai.

Wassalam,
Mahaifinka, Garba.